Kirari Cikin Rigar Aro: Abin da Tarihihi Ke Yi wa Mawaƙan Ingilishi

A shekarar 1919 T. S. Eliot ya fitar da wata maƙala da ta daɗe tana riƙe da akalar nazarin waƙa a jami'o'in Ingila da Amurka. Maganarsa a dunƙule ita ce, mawaƙin ƙwarai ba ya juye damuwarsa a takarda, shafe kansa yake yi domin waƙa ta tsaya da ƙafafunta. Bayan shekara uku sai ga doguwar waƙarsa The Waste Land, ɗango 434 cikin kashi biyar, maƙare da gumakan Girkawa, da hikayar sarkin nan da raunin jikinsa ya busar da ƙasarsa, da guntayen Latin da Jamusanci da Sanskirit. Aka yi shekara da shekaru ana koyar da ita a matsayin hoton Turai bayan yaƙin 1914 zuwa 1918, waƙar da babu mai ita a cikinta.

Ashe mai ita yana nan kwance a kowane lungu. A 1971 matarsa ta biyu, Valerie, ta buga daftarin asali, har da jan alƙalamin abokinsa mawaƙi Ezra Pound wanda ya zaftare kusan rabi. Eliot ya kammala waƙar ne a ƙarshen 1921, cikin hutun wata uku da bankin Lloyds ya ba shi bayan damuwa ta kwantar da shi, aurensa na fari kuma yana tangal-tangal. Ya zauna a Margate, bakin teku, daga nan ya wuce Lausanne wurin likita. Ga sunan Margate ɗin nan a kashi na uku, inda mai magana ke kukan ya kasa haɗa komai da komai. A Janairun 2020 Jami'ar Princeton ta buɗe wasiƙu 1,131 da ya rubuta wa wata Ba'amurkiya, Emily Hale, aka tarar ya nuna mata ɗangwayen da ke zancen yarinya mai rungume da furanni a matsayin shaidar son da yake yi mata.

Ban kawo wannan don tonon silili ba. Abin da nake son kafawa shi ne, tarihihi, wato tsohon labarin gumaka da gwaraza, bai taɓa ɓoye mawaƙi ba. Zana shi yake yi, kuma galibi ya zana shi ya fi girmansa na gaskiya. Duk wanda ya ɗauko sunan wani gwarzo na shekara dubu uku ya ce da bakinsa zai yi magana, kirari yake yi, ko da cikin sanyin murya ne. Bambancinsa da ɗan dambe ɗaya ne: ɗan dambe in ya gama kirari abokin karawa na tsaye a fage, yanzu za a gane gaskiya. Mawaƙi kuwa ba mai tare shi, sai in shi da hannunsa ya sa mai tare shin a cikin waƙar. Da wannan nake auna waƙoƙin nan, wadda ta bar ƙofar ƙaryata mai ita a buɗe, da wadda ta danna mata kwaɗo.

Na ce tarihihi ne don rashin kalmar da ta fi. Tatsuniya ta yi sauƙi da yawa, tunda ba wanda ya taɓa fita yaƙi saboda Gizo. Almara kuma ta karkata ga ƙage zalla. Abin nufi shi ne labarin da wata al'umma ta taɓa riƙewa da gaske, ta bayyana asalinta da shi, ko juyawar rani da damina, ko mutuwa, irin matsayin da labarin Bayajida da rijiyar Kusugu yake da shi a zancen kafuwar Hausa Bakwai.

Mawaƙan Ingilishi na farkon ƙarni na 20 sun tashi ne da waɗannan labarai a aljihu. Har 1920 sai da ɗan abin da ya samu na Girkanci ake shiga Oxford. Littafin James Frazer kan tsafe-tsafen al'ummomin duniya ya faro a 1890, ya kai juzu'i 12 a 1915, kuma ya koya wa masu karatu ganin labari guda, na gunkin da ke mutuwa ya sake tashi, a ƙarƙashin kowace al'ada. A 1923 Eliot ya yi sharhi kan Ulysses, ƙagaggen labarin James Joyce da aka ɗora kan tafiyar gwarzon Girkawa Odysseus, ya ce jera zamani kafaɗa da kafaɗa da tsohon labari hanya ce ta ba wa hargitsin tarihin yau tsari da ma'ana. Tun nan matsala ta shigo. Wanda ya yanke cewa zamaninsa hargitsi ne, tsari kuma yana can cikin littattafan da shi ya karanta, ya riga ya hau tudu yana leƙen jama'a daga sama.

A duba yadda abin yake aiki a kashi na uku na The Waste Land. Wata mai buga tafireta ta dawo ɗakinta da almuru, ta kwashe kwanukan karin kumallo, ta jera abincin gwangwani, kayan cikinta na shanye a taga. Sai ga baƙonta, wani ƙaramin akawun dillalin gidaje mai ƙuraje a fuska. Ya biya buƙatarsa ba tare da ta so ko ta ƙi ba, ya lalubi matakala cikin duhu ya fita, ita kuma ta gyara gashinta ta ɗora faifai a garmaho. Wa ke ba da labarin? Tiresias, makahon boka na Girkawa da ya yi shekara bakwai a jikin mace, wanda ya ga komai tun kafin ya faru. A bayanan da Eliot ya liƙa a ƙarshen waƙar ya ce abin da Tiresias ke gani shi ne gundarin waƙar baki ɗaya. To ga hoton da mawaƙi ya zaɓa wa kansa: tsoho, masani, wanda ya sha wahalar maza da ta mata, ba ya taɓa kowa, ba mai tuhumarsa. Yarinyar da akawun ko suna ba a ba su ba. Ɗangwayen suna da kyau ƙwarai, amsa-amonsu na tafiya a tsare cikin ƙwar huɗu, amma ƙyamar da ke cikinsu ta ɗan boko ce ga talakan birni, an naɗa mata rawanin annabta. Su kansu bayanan ƙarshen, Eliot ya kira su malantar bogi a wata lacca a 1956.

Zaɓen rawa shi ne mataki na farko, kuma a nan ake kama mawaƙi. Yawanci Orpheus ake zaɓa, mai garayar da duwatsu ke bi, ko Odysseus, matafiyin da ya fi kowa wayo. Da wuya ka ga wanda ya ce shi ne ɗaya daga matuƙan da suka nutse a hanya, ko ɗaya daga kuyangi 12 da aka rataye a gidan Odysseus bayan ya dawo. Mawaƙan Najeriya masu rubutu da Ingilishi sun bi wannan hanya da nasu kayan gado. Christopher Okigbo ya buɗe Heavensgate na 1962 yana tsaye tsirara gaban Idoto, uwar rafin garinsu Ojoto, a matsayin ɗan da ya ɓata ya dawo gida. Kakansa na wajen uwa shi ne mai hidimar wurin. Wole Soyinka ya ɗauki Ogun, gunkin ƙarfe da hanya na Yarabawa, a Idanre na 1967. Zaɓin Soyinka ya fi burge ni saboda bai tace labarin ba. Ogun ɗinsa ya sha bammi ya bugu a fagen fama, ya juya ya karkashe mutanensa na Ire. Wanda ya ɗauki wannan a matsayin madubinsa ya yarda cewa hannun da ke ƙira shi ne ke ɓarna. Kayan gado ba ya hana kirari, amma yana da fa'ida guda: maƙwabta sun san labarin, in ka cire ɓangaren da bai yi maka daɗi ba za su gane.

Ɓarna mafi muni tana zuwa ne a mataki na biyu, wato raba wa sauran mutane rawa. Tarihihi ba ya tafiya da mutum ɗaya. In ka zama gwarzo dole wani ya zama dodo, kuma wannan wani yana da gida da dangi.

Sylvia Plath ta rubuta Daddy ranar 12 ga Oktoban 1962, a watan da mijinta Ted Hughes ya bar gida. Baiti 16 ne, kowane ƙwar biyar, ɗango 80 ke nan, kuma amsa-amo guda na "uu" yana ta dawowa kamar waƙar reno, shi ya sa in ka ji ta sau ɗaya ba ta fita daga kunne. Ta gabatar da ita ga BBC a matsayin maganar yarinya mai ciwon Electra, 'yar sarkin nan da ta kasa rabuwa da mahaifinta da aka kashe. Amma ba ta tsaya ga Girkawa ba. Ta mai da uban ɗan Nazi, mijin mai shan jini, ita kuma Bayahudiya da ake kora zuwa sansanonin 'yan Nazi na Dachau da Auschwitz da Belsen. Otto Plath na gaskiya malamin Jami'ar Boston ne, masanin ƙudan zuma, ya bar Jamus tun 1900, fiye da shekara 30 kafin Hitler ya hau mulki, ciwon sukari ya kashe shi a 1940 tana da shekara takwas. Laifinsa shi ne ya mutu. Masu tarke sun rabu biyu a kanta. George Steiner ya kwatanta ta da Guernica, zanen Picasso kan garin da aka yi wa ruwan bama-bamai, Irving Howe ya ga rashin daidaito mai ban tsoro tsakanin ciwon da kwatancen. Ni ina ganin waƙar ta tsira da ƙyar, kuma abin da ya cece ta shi ne muryar: ta yarinya ce mai shure-shure, mai in'ina a kan kalmar Jamusanci, har mai karatu ya gane cewa wuce gona da irin shi kansa ciwon ne. Duk da haka an ɗauko mutuwar mutum miliyan shida an yi awon rigimar gida ɗaya da ita, kuma ba a tambayi masu gawa ba.

Abin da ya biyo baya ya fi waƙar koyarwa. Plath ta bar diwaninta Ariel a shirye, waƙoƙi 40, kalmar farko "so", kalmar ƙarshe sunan lokacin da sanyi ke wucewa itatuwa su yi toho, bayan jerin waƙoƙi biyar kan amyar zuma da ta tsallake hunturu. Labarin da ta tsara wa kanta na mai tashi ne bayan faɗuwa. Ta kashe kanta ranar 11 ga Fabrairun 1963. Da Hughes ya buga littafin a 1965 ya cire waƙoƙi fiye da goma, ya ƙara wasu da ta rubuta a makonninta na ƙarshe, ya rufe da waɗanda ke fuskantar kabari. Yawancin waƙoƙin su ne dai, amma jerin ya sauya hikayar: ta zama macen da waƙa ke ja zuwa mutuwa babu makawa. Sai a 2004 aka buga tsarin da ta bari. Abin lura, a waƙar Edge, wadda ta rubuta kwana shida kafin rasuwarta, ta ambaci tilas irin na wasannin Girkawa amma ta kira shi ruɗi. Ta fi masu karatunta sanin cewa ƙaddarar nan riga ce aka yafa.

Hughes ya yi shiru shekara 35, masu fushi suna ta goge sunansa daga dutsen kabarinta a Heptonstall, sannan ya amsa da Birthday Letters a 1998, waƙoƙi 88, watanni kaɗan kafin mutuwarsa. Shi da Plath duka sun sha daga The White Goddess na Robert Graves, littafin 1948 da ke cewa mawaƙin gaskiya bawan wata gunkiya ce mai so da kisa. Wannan tunani ya cika littafin Hughes, ga duban taurari, ga mafarkai, ga alamu. A wata waƙa ya makara minti 20 wajen karɓar renon jariri, ta farfasa teburin da ya gada wurin mahaifiyarsa, ya ce mata ta zuba wannan ƙarfin a baitocinta. Daga nan sai labarin ya koma na dodon nan mai kan sa da ke tsakiyar gida mai ruɗaɗɗun lunguna, kuma dodon mahaifinta ne. Ya yarda shi ya miƙa bakin zaren, iyakarta ke nan. A waƙar da ta taɓo matar da ya bar Plath dominta, cewa ya yi hikaya ce ta kama su ukun ta mai da su 'yan tsana. Wannan shi ne aibin tarihihi da ya fi kowane: yana zuwa da ƙarshensa a ɗaure. Da zarar ka ce rayuwarka labarin wane ce, abin da ka aikata da zaɓinka ya koma abin da aka rubuta, ba kuma a kai 'yar tsana gaban alƙali. Inda littafin ya fi ƙarfi shi ne inda ya manta da gumaka ya tsaya kan tebur da minti ashirin.

A Ailan abin ya wuce rigimar gida, ya shiga titi. A 1902 W. B. Yeats da Lady Gregory suka fitar da wasan Cathleen ni Houlihan: wata tsohuwa ta shigo gidan da ake shirin biki, ta yi kukan gonakinta huɗu da baƙi suka ƙwace, ango ya bar amarya ya bi ta, sai ta rikiɗa ta zama budurwa mai takun sarauniya. Tsohuwar ita ce Ailan, jinin samari ke mai da ita yarinya. A 1916 aka yi boren Ista a Dublin, Ingila ta kashe 16 daga cikin jagororinsa. Yeats yana dab da mutuwa ya tambayi kansa a waƙa ko wasansa ne ya tura wasu daga mutanen da aka harbe. Cuchulain, gwarzon da ya yi ta rubutu a kansa, an kafa mutum-mutuminsa a babban gidan wayar Dublin a 1935 don tunawa da 'yan boren. Shi wannan Cuchulain ɗin kuma masu goyon bayan zama da Birtaniya sun zana shi a bangon gabashin Belfast a matsayin mai kare Ulster, lardin arewa, daga mutanen kudu. Gwarzo ɗaya, bindiga biyu suna kallon juna.

Seamus Heaney ya gaji wannan nauyi. A 1969, shekarar da rikicin Ailan ta Arewa ya ɓarke, aka fassara littafin P. V. Glob kan gawawwakin da taɓon fadamun Denmark da arewacin Jamus ya adana kusan shekara dubu biyu, fatarsu ta jeme kamar ƙirgi, wasu da igiya a wuya. Glob ya ce hadaya ce ga gunkiyar ƙasa. Heaney ya haɗa wannan da uwar nan Ailan mai neman jini, ya gina diwanin North na 1975 a kai. Waƙar Punishment baiti 11 ce, ƙwar huɗu, gajerun ɗangwaye. Rabin farko kallon gawar Windeby ne, askakken kai, ƙyalle a ido, haƙarƙari a fili. A tsakiya ya juya yana yi mata magana kai tsaye, ya kira ta ƙaramar mazinaciya, ya ce ya kusa son ta amma ya san da yana wurin da ya jefe ta da dutsen shiru. Baitoci biyu na ƙarshe suka tsallako zuwa zamaninsa, ga 'yan matan Katolika da aka aske, aka shafa wa kwalta, aka ɗaure a ƙarafan shinge saboda sun yi soyayya da sojojin Birtaniya. Ya ce ya tsaya bebe, yana taya masu wayewa Allah wadai, alhali can cikinsa ya fahimci ramuwar dangi.

Ciaran Carson, mawaƙi ɗan Belfast, ya yi masa raddi a shekarar, ya ce Heaney ya zama sarkin waƙar zubar da jini, yana nuna kamar kisa abu ne da aka saba tun fil'azal, ba shi da sanadi a siyasa. Carson yana da gaskiya kan diwanin. Rikicin da ya ci rai kusan 3,500 yana da dalilai masu suna: rabon gidajen gwamnati, yankan mazaɓu, aikin yi, tsare mutane ba shari'a daga 1971, harbe mutum 13 a Derry ranar 30 ga Janairun 1972. In ka ce gunkiya ce ke jin ƙishi, ka sallami duk wanda ya sa hannu a takarda. Amma kan Punishment ita kaɗai ban bi Carson ba, domin wanda aka gurfanar a cikinta shi ne mai waƙar, ya kira kansa ɗan leƙen asiri mai gwaninta. Heaney bai tsaya nan ba. A 1979 ya yi wa ɗan'uwansa da aka kashe a hanya marsiyya, ya aro wurin Dante ya wanke masa fuska da raɓa. A Station Island na 1984 ya dawo da mamacin ya ba shi baki, mamacin ya ce masa ka rikita kauce wa gaskiya da ladabin fasaha, ka zuba wa mutuwata sukari. Wannan shi ne sa abokin karawa cikin fage.

Wani abin dariya mai ɗaci: binciken ƙashi da na ƙwayoyin halitta da aka yi a shekarun 2000 ya nuna gawar Windeby ta yaro ce namiji, ɗan kimanin shekara 16, kuma ba a ga alamar kisa a jikinsa ba. Mazinaciyar tun asali ƙagen masu haƙa ce. Waƙar ba ta faɗi ba, saboda 'yan matan da aka shafa wa kwalta na gaske ne.

Akwai masu cewa a watsar da abin gaba ɗaya. Philip Larkin ya faɗa a 1955 cewa bai yarda da wani asusun tarihihi na haɗaka da kowane mawaƙi zai riƙa zara daga ciki ba. Kowace waƙa ta ƙirƙiri duniyarta. Akwai hikima a ciki, kayan aro ba ya rufe katara, kuma waƙar da sai an buɗe ƙamus kafin a ji zafinta ta riga ta yi sanyi. Sai dai mutumin da ya tsaya a gefen titi da kekensa yana cewa shi ba kowa ba ne, kamar yadda Larkin ke nuna kansa, shi ma hoto ya zana, kuma ya zaɓi launinsa a tsanake. Ba a rabuwa da zanen kai, sai dai a yi shi da gaskiya ko da algus.

Derek Walcott ya nuna yadda ake yi a Omeros na 1990, babi 64 cikin littafi bakwai, baitoci masu ƙwar uku. Achille da Hector masunta ne a tsibirin Saint Lucia, suna rigima kan Helen, 'yar aikin gida. Sunayen ba ado ba ne, irin waɗanda iyayengiji ke laƙaba wa bayi ne a zamanin bauta, shi kuma tsibirin ana yi masa laƙabi da Helen saboda ya sauya hannu sau 14 tsakanin Ingila da Faransa. Wato aron yana da tushe a tarihin wurin. Sannan kowane abu na Homer, tsohon mawaƙin Girkawa da sunayen suka fito daga waƙoƙinsa, sai da aka ba shi jikin gida. Gyambon Philoctete a ƙwauri yake, tsatsar ƙugiyar jirgi ta jawo shi, shi kuma ya yi imani sarƙar ƙafar kakanninsa ce. Ma Kilman mai shagon giya ta warkar da shi da wani tsiro da tsattsewa ta ɗauko irinsa daga Afirka, ta yi masa wanka a tsohuwar tukunyar dafa rake. Hector ya sayar da kwalekwalensa ya sayi ƙaramar motar haya, a cikinta ya mutu. Muhimmin abu kuma, can wajen ƙarshe mawaƙin ya juyo kan kansa ya tambaya me ya hana a ga Helen yadda rana ke ganinta, ba tare da inuwar Homer ba. Ya gina rumfar, ya kuma nuna inda take yoyo.

Eavan Boland ta bi ta wata ƙofa a The Pomegranate na 1994. Daga dogon labarin Ceres, gunkiyar amfanin gona, da 'yarta Persephone abu uku kawai ta ɗauka: sace yarinya zuwa ƙarƙashin ƙasa, neman da uwa ta yi, da 'ya'yan rumman da yarinyar ta ci har komawa ta zame mata dole. Tana ƙarama a Landan, baƙuwa cikin hazo, ita ce 'yar da ta ɓata. Da ta haihu ta zama uwar. Yanzu tana tsaye a ƙofar ɗaki, 'yarta budurwa na barci tsakanin mujallun 'yan mata da gwangwanin Coke da farantin 'ya'yan itace. Gwangwanin nan yana da aiki, shi ke hana labarin tashi sama. Rawar ma ba ta dawwama ba, shekaru suka sauya mata ita, kuma ta ƙare da yanke shawarar ba za ta gargaɗi yarinyar ba. Carol Ann Duffy ta ba matan gwaraza baki a The World's Wife na 1999, matar Midas da matar Icarus da sauransu. Akwai dariya da cizo, amma dabara ɗaya ce ake juyawa, in ka karanta biyar ka san inda ta shida za ta sauka.

Michael Longley, wanda ya karanta Girkanci da Latin a Dublin, ya cire kansa ne kacokan. A ƙarshen Agustan 1994 ƙungiyar IRA, mai yaƙin raba Ailan ta Arewa da Birtaniya, ta sanar da tsagaita wuta, bayan 'yan kwanaki jaridar Irish Times ta buga waƙarsa Ceasefire, ɗango 14, babu "ni" na mawaƙi ko ɗaya, babu sunan Ailan. Littafi na 24 na Iliad, waƙar Homer kan yaƙin Troy, ya matse: tsoho Priam ya shiga tantin Achilles da dare don roƙon gawar ɗansa Hector, suka yi kuka tare, Achilles ya sa aka wanke gawar aka naɗe, suka ci abinci suna kallon juna. Gyara ɗaya ya yi. A wurin Homer, sumbatar hannun wanda ya kashe masa ɗa shi ne abin da Priam ya fara yi da shigarsa. Longley ya ɗauke shi ya kai ɗangwaye biyu na ƙarshe, ya sa a bakin tsohon, domin mai karatu a Belfast ya rufe jarida da abin da ya fi wuyar haɗiyewa. Bai ce wane ne Priam wane ne Achilles ba, kowane ɓangare yana da gawa kuma yana da hannu. Wanda ya san Iliad ya san kuma abin da waƙar ta yi shiru a kai: sulhun da Achilles ya bayar na kwana 11 ne, a na 12 a koma fage. Tsagaita wutar 1994 ta yi wata 17, ta karye ranar 9 ga Fabrairun 1996 da bam a unguwar Docklands ta Landan, mutum biyu suka mutu.